Ƙamshin Aro

Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, ka ara mini kunnenka na ɗan lokaci, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na lura idan ban faɗa maka ita ba, wayar da ke hannunka za ta riga ni, ta kuwa faɗa maka ta hanyar da ba za ta amfane ka ba. Magana ce a kan tabar wiwi, amma ba irin wadda ka saba ji ba, wadda ake buɗewa da tsinuwa a rufe da tsinuwa har mai saurare ya toshe kunne. Hukuncin shanta a addini da dokar ƙasa kai ma ka san shi, ba sai na ɓata bakina ba. Abin da nake so ka sani wata sana'a ce da ta ɓullo a ƙasashen da suka halatta cinikin wannan ganye, wato fesa masa ruwan ƙamshi bayan an girbe shi ya bushe, domin ya riƙa tashin ƙamshin lemu ko mangwaro ko alewa, kuma ina so ka san dalilin da ya sa ake yin haka da abin da feshin yake rufewa.

Zan fara da gaskiyar abin, domin babba ba ya tsorata yaro da ƙarya, ranar da yaron ya gano, daga nan ya daina yarda da sauran maganarsa. Idan ka ɓare lemu ka lanƙwasa ɓawon kusa da fuskarka, za ka ga wani ɗan tsartuwa ya tashi, ya yi maka yaji a ido, yatsunka su yi maiƙo, ƙamshin kuma ya cika ɗaki. Mafi yawan wannan man shi ne abin da masana suke kira limonin, ɗaya daga cikin dangin sinadaran da ake ce wa tarfin, waɗanda Allah Ya zuba a cikin tsirrai dubbai. Akwai wani mai suna kariyofilin a cikin masoro da kanumfarin da ake zuba maka a kunu da shayi, akwai mirsin a mangwaro, akwai fainin a itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye tsinke-tsinke. Shuka tana yin su ne domin ta kori ƙwarin da ke cin ta, ta kuma jawo masu amfanar ta. Saboda haka tarfin a karan kansa ba dafi ba ne, kuma ba shi ne ke bugarwa ba. A jikin furen macen wiwi akwai wasu ƙananan gashi masu danƙo, kowanne da ɗan ƙullutu a kansa, sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu sosai, kuma a cikin waɗannan ƙullutai ne shukar take haɗa sinadarin THC mai juya ƙwaƙwalwa tare da tarfin sama da iri ɗari masu ba ta ƙamshi.

To, halin tarfin shi ne ba ya zama. Zafi yana korar sa, haske yana lalata shi, iska tana tafiya da shi, daɗewa kuma tana ƙarasa abin da ya rage. Manoman ƙasashen can da suka ɗauki abin sana'a sun san cewa furen da aka shanya a inuwa sannu a hankali, aka rufe shi makonni yana kwantawa, shi ne ke riƙe ƙamshinsa, wanda kuwa aka busar da gaggawa ko ya yi watanni jibge a sito, sai ya koma yana warin busasshiyar ciyawa. Ka ga ke nan ƙamshin shaida ne, yana ba da labarin irin riƙon da aka yi wa kaya tun daga gona. Kai ma ka sha ganin mahaifiyarka a kasuwa idan za ta sayi man shanu, ba ta tsayawa sauraron rantsuwar mai talla, sai ta buɗe ƙwarya ta kai hanci, abin da hancin ya gaya mata shi ne ciniki. Haka mai sayen wiwi yake yi a shagunan Amurka da a lungunan duniya, ya buɗe ya shinshina, kuɗin da zai biya kuma su bi abin da ya ji.

Jihar California ta halatta wiwi don magani a 1996, jihohin Colorado da Washington suka halatta shi ga baligai a 2012, ƙasar Kanada ta biyo baya a 2018. Da ƙofa ta buɗe sai masu jari suka yi caa, aka noma fiye da abin da kasuwa za ta iya sha, har a jiha irin Oregon farashi ya faɗi warwas, kaya suka yi kwantai. Mutumin da ya ci bashin banki ya gina rumfunan noma, ga shi zaune a kan tarin furen da ya tsufa ya rasa ƙamshi, ba zai so ya zubar ba, kuma ba zai so ya sayar a wulaƙance ba. A nan masu sayar da tarfin a kwalba suka sami shiga. Mafi yawan abin da ke cikin kwalbar ma ba daga wiwi aka tatso shi ba, domin hakan yana da tsada. Limonin daga ɓawon da kamfanonin matse ruwan lemu suke zubarwa ake samun sa, fainin kuwa daga ragowar aikin masana'antun takarda, sai a gauraya, a liƙa wa kwalbar sunan wani shahararren irin wiwi kamar OG Kush ko Blue Dream ko Gelato, a fesa wa tsohon kaya, a sayar da shi da sabon suna da sabon farashi. Aikin da haƙurin makonni yake yi, an ce ga shi an gama cikin yini guda.

Ban ce duk mai wannan sana'a ɓarawo ba ne, domin akwai masu rubuta wa a jikin kwali cewa an ƙara ƙamshi, kuma suna da hujjar da suke kafawa. Suna cewa tarfin yana taimaka wa sauran sinadaran ganyen su yi aiki tare, wannan ya kwantar da hankali, wancan ya wartsake jiki. Asalin wannan zance yana komawa ga wani masani ɗan Isra'ila, Raphael Mechoulam, wanda shi da abokin aikinsa suka gano siffar THC a 1964, sannan a 1998 shi da Shimon Ben-Shabat suka yi rubutu a kan yadda wasu sinadarai suke ƙarfafa juna. Sai dai su a kan sinadaran da jikin mai rai yake yi da kansa suka yi magana, ba a kan ƙamshin ganye ba. Wani likita Ba'amurke, Ethan Russo, shi ya faɗaɗa zancen zuwa tarfin a 2011, a matsayin abin da ya cancanci a bincika, ƴan kasuwa kuwa suka cafe shi suka mayar da shi talla tun kafin gwaji a jikin mutane ya tabbatar da wani abin kirki. Wani abin dariya ma, a 2021 masu bincike na wani kamfani a California, wanda shi kansa sayar da tarfin ce sana'arsa, suka gano cewa warin nan mai kaifi da aka san wiwi da shi ba daga tarfin yake fitowa ba, daga wasu sinadarai ne masu farar wuta a ciki. Saboda haka mai feshin tarfin bai mayar wa ganye abin da ya rasa ba, wani ƙamshi dabam ya ara masa.

Yanzu ga wurin da nake so ka nutsu, ɗana. Masu talla za su ce maka ai sinadarin daga ƴaƴan itace yake, irin wanda ake sawa a abinci ne. Gaskiya ne, amma ciki daban, huhu daban. Ciki an halicce shi da ruwan narkarwa, bayansa ga hanta tana tacewa, huhu kuwa fata ce siririya da ba a yi ta don karɓar komai ba sai iska. A shekarar 2000, a jihar Missouri, aka gano tsofaffin ma'aikata 8 na wata masana'antar gugguru sun kamu da wani ciwon huhu da ba ya warkewa, ƙananan hanyoyin numfashinsu sun toshe da tabo, da aka bi diddigi sai aka tarar tururin sinadarin da ake sa wa guggurun don ya yi ƙamshin man shanu ne ya jawo. Miliyoyin mutane sun ci wannan gugguru lafiya lau, waɗanda suka shaƙi tururinsa kullum su ne suka nakasa. Shi limonin ɗin ma, idan aka tara shi tsantsa, da shi ake wanke baƙin mai daga jikin injuna, yana cin roba, yana ƙona fata. Kuma wuta tana sauya halin abu, domin a 2017 masana a jami'ar Portland State sun nuna cewa idan tarfin ya haɗu da zafi mai tsanani yakan farfashe ya fitar da wasu abubuwa masu cutarwa, cikinsu har da benzin, wanda an daɗe da sanin yana jawo sankarar jini.

An kuma ga misalin wannan ganganci da idanu. A 2019 matasa suka riƙa cika asibitocin Amurka suna haki, huhunsu ya ƙi karɓar iska, zuwa watan Fabrairu na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar, 68 daga cikin waɗanda abin ya shafa sun rasu. Babban abin da aka kama da laifi wani mai ne na bitamin E da masu haɗa man wiwi na sigarin lantarki a ɓoye suke zubawa don kayansu ya yi kauri ya yi kama da mai kyau. Mai ne da mata suke shafawa a fata, ana kuma haɗiyar sa a matsayin ƙarin lafiya. Wanda ya zuba shi bai tashi da niyyar kisa ba, riba kawai yake nema, kuma bai tsaya ya tambayi kansa ina abin zai sauka ba.

Akwai kuma abin da ƙamshin yake rufewa, wanda a ganina ya fi abin da yake ƙarawa haɗari. Ganyen da aka adana da laima yana yin fumfuna, cikin irin fumfunar har da wadda likitoci suke kira asfajilas, mai iya zama a huhun mai asma ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni ta zame masa ciwo mai wuyar magani. A da hanci kan kama wannan, mutum ya ji warin rima ya ajiye. Idan aka bi ta kansa da ƙamshin lemu, wa zai ji? A can ma da dokar jihohi ta tilasta a kai kaya ɗakin gwaji kafin a sayar, ana samun masu zagaye, balle inda babu gwaji, babu kwali, babu sunan wanda za a kama.

Daga fesa ƙamshi zuwa fesa abin maye taku ɗaya ne, an kuwa yi takun. A ƙarshen 2018 Amurka ta yi dokar noma da ta halatta wani nau'in wiwi mara ƙarfi, wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Da aka noma shi ya yi yawa, sai wasu suka riƙa sarrafa sinadarinsa na CBD a ɗakin haɗa magunguna suna mayar da shi wani abin maye mai suna delta-8, su fesa wa furen, su bi da tarfin don ya yi ƙamshin na gaske, ana sayarwa har a shagunan gidajen mai. Kafin wannan ma akwai mafi muni. Wani malamin kimiyya a jami'ar Clemson, John Huffman, ya haɗa ɗaruruwan sinadarai masu kwaikwayon THC domin bincike kawai, sai ga shi a 2008 an gano ɗaya daga cikinsu a Jamus an fesa shi a kan busassun ganyaye ana sayarwa da sunan Spice, wai turaren ƙonawa ne. Irin waɗannan sinadarai sun fi THC kama ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, kuma hannun mai feshi ba ya raba daidai, saboda haka a ƙulli guda wani ɓangare ba komai, wani ɓangaren kuma ya sha ya ƙoshi, abokai biyu su zuƙa daga naɗi ɗaya, ɗaya yana dariya ɗaya yana shure-shure a ƙasa. A 2018 a jihar Illinois mutum sama da 150 suka je asibiti jini yana fita ta hanci da dasashi da fitsari, wasu suka mutu, da aka auna sai aka tarar da maganin ɓera a cikin abin da suka sha.

Kada ka ce wannan labarin Turawa ne. A Saliyo wani abu da suke kira kush ya cinye matasa har Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilu na 2024, kuma da aka kai samfurinsa ɗakin gwaji an tarar ganye ne da aka jiƙa da irin waɗancan sinadarai na kwaikwayo, wani kuma da wasu masu kashe zafi da suka fi heroin ƙarfi. A nan gida kana jin sanarwar hukumar NDLEA kusan kowane mako, an kama wiwi mai suna Loud, an kama mai suna Colorado a tashar jiragen ruwa ta Legas ko a filin jirgin sama, an ɓoye cikin motoci ko kayan abinci. Shi Colorado ɗin nan, wanda yara suke kira Kolos, hukumar da kanta ta bayyana shi a matsayin haɗin sinadari, sunan jihar Amurka kawai aka ara masa don ya yi kwarjini. Ban ce tarfin da waɗannan abu ɗaya ba ne, a'a. Abin da nake cewa shi ne, ranar da mai saye ya saba da cewa ganye mai sheƙi mai ƙamshin alewa shi ne na manya, to ya sallama wa dila shaidar da yake da ita, domin ido da hanci ba sa bambance wanda aka fesa wa ɓawon lemu da wanda aka fesa wa abin da zai tsayar da zuciya.

Ƙidayar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta Najeriya a 2018 ta nuna kimanin mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a cikin kowane masu ta'ammali da ƙwayoyi huɗu, ɗaya mace ce. Saboda haka kada ka ce zancen maza ne kawai. Warin wiwi na da, duk muninsa, ya tsare mutane da yawa, domin yarinya mai tsafta takan ji shi ta kau da kai, uwa kuma takan ji shi a rigar ɗanta ta san akwai magana. Wanda aka gyara shi ya yi ƙamshin kayan marmari, aka zuba shi a leda mai zane irin ta alewa, an cire masa abin da ke korar sabon shiga, kuma wannan ba kuskure ba ne, dabarar ciniki ce. Ga shi kuma ganyen yau ba na zamaninmu ba ne. Awon da jami'ar Mississippi ta daɗe tana yi wa kayan da aka kama ya nuna THC ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan 12 a 2014, wani babban bincike kuma da aka buga a 2019, wanda aka gudanar a biranen Turai da Brazil, ya gano mai shan mai ƙarfin kullum ya fi wanda bai taɓa sha ba haɗarin taɓin hankali kusan sau biyar.

Wata fargabar tawa, ɗana, ba ta sha ba ce, ta nema ce. Na san aljihu ya bushe, na san takarda tana cikin akwati ba aiki, na kuma san akwai masu nuna maka a waya cewa da ƴar kwalba ɗaya za ka mayar da kayan banza na tsada. Wannan sunansa algus, ko da a kan gero aka yi shi balle a kan abin da tun asali haramun ne. Ka san labarin da malamai suke kawowa na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tarin abincin wani mai sayarwa ya ji laima a ƙasa alhali saman a bushe yake, da irin tsawatarwar da ya yi masa. Wancan mutumin hatsi jiƙaƙƙe kawai ya ɓoye. Mai wannan sana'a kuwa bai san abin da ke cikin kwalbar da aka aiko masa ba, bai san huhun wa zai shiga ba, wataƙila ɗan maƙwabcinsa ne, wataƙila ƙanensa ne ta hannun wani, ga kuma dokar NDLEA da ta tanadi ɗauri mai tsawo, har da rai-da-rai ga mai fatauci. Kuɗin da ke zuwa da gudu irin wannan, ban taɓa ganin wanda ya gina gida da su ya kwana a ciki da kwanciyar rai ba.

Saura abu ɗaya, kuma ina roƙonka ka riƙe shi ko da ka watsar da sauran. Idan wata rana, Allah Ya kiyaye, kana wuri wani ya sha irin wannan abu ya faɗi, yana amai ba ƙaƙƙautawa, ko yana jijjiga, ko ya riƙe ƙirji, ko ya fita hayyacinsa yana ganin abin da babu, ko jini yana zuba ba rauni, kada ku kulle shi a ɗaki ku ce zai sake shi. Kada a ɗura masa madara ko manja ko garin kwaki alhali ba ya cikin hankalinsa, domin yana iya sarƙewa abin ya bi ta huhu. A kwantar da shi ta gefe ɗaya, a sassauta masa wuyan riga, a nemi abin hawa zuwa asibiti nan take, a kuma tafi da ragowar ƙullin da ledarsa. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya sha da lokacin da ya sha, domin gwajin fitsari na yau da kullum ba ya kama mafi yawan waɗannan sinadarai na kwaikwayo, sai sakamako ya fito fes alhali yaro yana hannun Allah, kuma idan akwai maganin ɓera a ciki, bitamin K ake ba da shi na tsawon watanni, wanda likita ba zai fara ba sai ya san abin da yake nema. In ya farfaɗo kuma aka ga abin ya zame masa jiki, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Dawanau ta Kano, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, hukumar NDLEA ma tana da layin waya na kyauta da wuraren ba da shawara. A sami wani babba a gidan wanda ba ya faɗa da ihu ya raka shi, a tafi da sassafe kafin layi ya yi tsawo.